Gina Shafin Intanet Ya Yi Sauƙi, Cin Abinci da Shi Ne Jan Aiki

A watan Oktoban 2014, masu bibiyar shafin Linda Ikeji, wanda a lokacin yana sahun gaba cikin shafukan da aka fi karantawa a Najeriya, suka wayi gari shafin ya ƙi buɗuwa. Kamfanin Google ne ya sauke shi daga dandalinsa na Blogger, bayan an kai ƙorafin cewa ana ɗauko kayan wasu ana wallafawa ba da izini ba. Kwanaki kaɗan aka yi aka mayar mata da abinta. Amma a cikin waɗannan kwanakin, aikin da ta faro tun 2006, da jama'ar da ta tara, da kuɗin tallar da take ci da sha da su, duk sun rataya a kan shawarar wasu mutane da ba ta taɓa gani ba, suna zaune a wata nahiya.

Tambayar da matashi ya fi yi idan ya zo neman shawara ita ce, da me ake haɗa shafi? Ita ce kuwa mafi sauƙin amsawa. Yau mai wayar Android da datar dubu biyu zai iya tayar da shafi tsakanin Azahar da La'asar. Tambayoyin da suka fi ta nauyi guda biyu ne, kuma ba kasafai ake yin su ba sai bayan an sha wuya: shafin nan na wane ne a rubuce, kuma wa zai biya kuɗin da zai riƙe shi? Ga mai rubutu da Hausa, tambaya ta biyu tana da wani ƙulli nata na daban, domin tsarin da ke raba kuɗin talla a intanet ba da mu a rai aka shirya shi ba.

Shafin intanet na farko ya bayyana a 1991, daga hannun Tim Berners-Lee a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba. A 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta, kowa ya ɗauka. Ba a cika shekara biyu ba 'yan kasuwa suka iso: a Oktoban 1994 shafin HotWired ya liƙa tallar kamfanin AT&T a saman shafinsa, kuma daga nan aka ɗora harsashin da har yau ake kai, wato mai karatu ya karanta kyauta, mai talla ya biya. Duk kayan aikin da za mu yi magana a kansu a kan wannan harsashin suka tsiro.

Suna da masauki

Abu biyu ne ba makawa sai an biya musu kuɗi idan ana son shafi mai zaman kansa. Na farko suna, wato adireshin da mutum zai rubuta ya iso gare ka, wanda masu harkar ke kira domen. Na biyu masauki, wato kwamfutar da ba ta kwana, wadda rubuce-rubucenka da hotunanka ke zaune a cikinta suna jiran mai buƙata. Sunan da ya ƙare da .com kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da rajistarsa, ƙarƙashin kulawar hukumar ICANN da aka kafa a 1998. Na .ng kuwa yana hannun NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005 don kula da sunayen Najeriya. Nijar tana da .ne, Gana .gh, Kamaru .cm. Sunan .com.ng ya fi arha, da naira ake biyansa, kuma ga wanda jama'arsa 'yan gida ne ban ga abin da ya rage shi da shi ba.

Sai dai suna ba a sayensa a mallake shi har abada. Haya ce ta shekara-shekara. Idan wa'adi ya cika ba ka sabunta ba, akwai 'yan makonnin rangwame, bayansu a sunayen .com akwai kwana talatin na fansa da tara mai tsada, daga nan a sake shi kasuwa kowa ya ɗauka. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran sunayen da suka faɗi. Sukan sayi sunan jarida ko makaranta ko ƙungiyar da ta yi sakaci, su cika shi da tallar caca, ko su nemi ninkin-ba-ninkin kuɗinsa daga mai shi na asali.

Inda aka fi cutar mutanenmu kuwa shi ne wajen rajistar. Ga yadda abin yakan kasance. Mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ya ji ana cewa shafi yana kawo ciniki, ya sa aka nemo masa yaron da ya iya. Yaro ya zo da kwamfutarsa, ya zauna a kan dilar kaya, ya ce, "Alhaji, wane imel za a sa?" Alhaji yana tsakiyar ciniki da wata Hajiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Kai dai sa naka, ɗana, ni ban san kan waɗannan abubuwan ba." Yaro ya sa nasa, da lambar wayarsa, ya biya da katinsa. Shafi ya yi kyau, an buga adireshin a jikin leda da kalanda da allon shago. Shekara ta zagayo, yaro ya tafi bautar ƙasa ko ya canja layi, ko kuma an ɓata a kan cikon kuɗi. Saƙon tunatarwa yana ta shiga akwatin da Alhaji bai san da shi ba. A idon kamfanin da ya yi rajistar, wanda imel ɗinsa ke kan asusun shi ne mai suna, ko da kuwa sunan mahaifin Alhaji ne a jiki. Minti goma na buɗe imel da sunan mai shago, da rubuta kalmar sirri a littafin da ake rubuta bashi, su ne da sun hana wannan asara. Yaron da ya san mutuncin sana'arsa shi zai dage a yi hakan ko da mai gida ya ce ba komai.

Masauki iri-iri ne. Mafi arha shi ne na haɗaka, inda ɗaruruwan shafuka ke zaune a kwamfuta ɗaya suna raba ƙarfinta, kuma ya ishi duk mai farawa. Kamfanonin waje irin su Namecheap da GoDaddy da dala suke lissafi. Wannan bai dami kowa ba sai da bankuna suka fara taƙaita amfani da katin naira a ƙasashen waje a 2022, sannan aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023. Dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Masaukin dala sittin a shekara, wanda a wancan farashin bai kai naira dubu talatin ba, ya koma dubu casa'in. Shafuka da yawa sun mutu a wannan tsakanin ba don masu su sun gaji da rubutu ba. Kamfanonin gida masu karɓar naira sun samu shiga a nan, kuma abin da ya kamata a tambaye su kafin a biya shi ne, suna ajiye kwafin shafin kullum, kuma in ya faɗi da tsakar dare akwai mai amsa waya?

Abubuwa biyu da a da ake biya yanzu kyauta ne, kada wani ya sa maka su a lissafi. Takardar tsaron da ke mayar da adireshi ya fara da https, Let's Encrypt na bayar da ita ba ko kwabo tun 2015, kuma ta zama dole tun da manhajar Chrome ta fara yi wa shafukan da ba su da ita tambarin rashin tsaro a Yulin 2018. Cloudflare ma yana da tsarin kyauta da ke ƙara wa shafi sauri, ya kuma tare wasu hare-haren.

Da me za a gina

WordPress ne sarkin fagen. Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da shi a Mayun 2003, kuma ƙididdigar W3Techs tana nuna cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Manhajar kyauta ce, kowa na iya saukewa ya ɗora a masaukin da ya ga dama, in masaukin ya ɓata masa rai ya kwashe kayansa ya koma wani. Wannan 'yancin ƙaura shi ne babbar darajarsa a wurina, ya fi dubban rigunan ado da ƙananan manhajojin da ake jona masa. A kula, akwai WordPress.com, wanda kamfanin Automattic ke gudanarwa a matsayin masauki mai nasa sharuɗɗan, akwai kuma manhajar kanta da ake samu a WordPress.org. Mai son sayar da kaya sai ya jona WooCommerce, wanda ya fito a 2011 daga wani ƙaramin kamfani mai tushe a Afirka ta Kudu kafin Automattic ya saye shi a 2015.

Wix da Squarespace da Shopify sun fi sauƙin sarrafawa, ja ka ajiye ne kawai, kuma shafukansu suna da kyan gani. Kuɗinsu na wata-wata ne, yawanci da kuɗin waje, kuma ranar da ka so tashi ba za ka iya ɗaukar ginin yadda yake ka kai wani wuri ba. Blogger, wanda Google ya saya a 2003, har yanzu kyauta ne kuma ba ya faɗuwa don jama'a sun yi yawa. Ga ɗalibin da ba shi da ko sisi ba laifi ya fara da shi, da sharaɗin ya sayi sunansa na kansa ya ɗora a kai da zarar ya samu hali. Gini ne a filin aro, mai fili kuma yana iya tashinka ko ya rufe filin gaba ɗaya, kamar yadda Yahoo ya rufe GeoCities a 2009 da miliyoyin shafukan mutane a ciki.

Akwai wata araha da nake roƙon matasa su guje mata: rigunan WordPress na kuɗi da ake fasawa ana rabawa kyauta a Telegram da wasu shafuka. Wanda ya fasa ya raba ba don Allah ya yi ba. Sau da yawa akwai ɓoyayyiyar ƙofa a ciki, bayan wata biyu sai ka ga shafinka yana tura mutane wurin sayar da magungunan bogi, Google kuma ya sa masa jan gargaɗi. Rigunan kyauta na halal suna nan birjik a rumbun WordPress.

Wanda zai gina wa Bahaushe shafi ya tuna da wayar da ke hannun Bahaushen. Yawanci ƙaramar Tecno ce ko Itel, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Hoto ɗaya da aka ɗora yadda ya fito daga kyamara yana iya fin nauyin rubutun shafi hamsin. Mai karatu a Gumel ko Tasawa ba zai tsaya jiran hoton da ke saukowa layi-layi ba, zai koma inda ya fito. Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin salon rubutun da ke zuwa da rigunan shafi ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko ya zama ɗan akwati. Salon Noto na Google yana ɗauke da su duka, kuma kyauta ne. A gwada kanun labari mai waɗannan haruffa a waya biyu ko uku kafin a ce aiki ya kammala.

Inda gizo ke saƙar

Kusan duk wanda ya buɗe shafi da niyyar samun kuɗi, AdSense ne a ransa. Google ya ƙaddamar da shi a 2003, kuma tsarinsa mai jan hankali ne: ka liƙa 'yan layukan lamba a shafinka, Google ya yi gwanjon gurbin ga masu talla a cikin ƙiftawar ido, a ba ka kasonka. Kason mai shafi kusan 68 ne cikin ɗari na abin da mai talla ya biya. A farkon 2024 kamfanin ya sauya lissafi, ya koma biya bisa yawan ganin talla maimakon yawan dannawa. Idan kuɗinka ya kai dala goma, za a aiko maka da lambar sirri a takarda ta gidan waya don a tabbatar da adireshinka, kuma duk wanda ke zaune a unguwar da gidaje ba su da lamba ya san irin zaryar da ake yi kafin wannan ambulan ta zo hannu. Ba a biya sai kuɗi ya cika dala ɗari, sannan a turo ta banki wajen 21 ga wata.

Ga ƙullin da na ambata. AdSense yana da jerin harsunan da ya yarda a sa tallarsa a kansu. Akwai Larabci da Turanci da Faransanci, akwai Urdu da Hindi da Bengali, har da harsunan Turai da masu magana da su ba su kai mutanen jihar Kano yawa ba. Babu Hausa. Ƙa'idar kamfanin kuma ta hana sa tallarsa a shafin da akasarin rubutunsa yake cikin harshen da ba ya cikin jerin. Harshen da BBC ke watsa shiri da shi tun 1957, wanda Google ɗin kansa ya sa a manhajarsa ta fassara tun 2013, bai samu gurbi a wurin rabon kuɗi ba.

Wannan ya haifar da dabaru marasa daɗi. Wani zai cika shafi da rubutun Turanci na kwafe har a amince masa, sannan ya juya Hausa. Wani zai sayi tsohon asusun da aka riga aka amince wa a hannun wanda bai sani ba. Wasu sukan haɗa zaure a WhatsApp, ka danna mini in danna maka. Duk waɗannan zaman ɗar-ɗar ne. Na'urorin Google sun fi ƙwarewa a gano dannawar bogi fiye da komai, kuma idan suka rufe asusu sukan riƙe kuɗin da ke ciki, ɗaukaka ƙara kuma ba kasafai take cin nasara ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne marubutan kirki da suka bar Hausa suka koma rubuta Turancin da bai kai Hausarsu daɗi ba, don kawai a amince musu.

Ko da an samu shiga, sai a yi lissafi da hankali. Farashin talla yana bin aljihun mai kallo ne. Mai talla zai biya da tsoka don ya isa ga mai neman inshorar mota a Amurka, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba don ya isa ga mai karanta labarin Kannywood a Funtuwa. A ɗauka, don misali kawai, ana samun dala ɗaya a kowace buɗawa dubu. Kafin a kai dala ɗarin da za a iya cira, sai an buɗe shafin sau dubu ɗari. Wannan lissafin ne ya lalata yawancin shafukanmu. Mai neman buɗawa dubu ɗari a wata ba shi da lokacin bincike. Sai kanun labarai na yaudara, da mutuwar jarumin da yake raye, da hoton matar mutane, da kwafe aikin Aminiya ko BBC Hausa a canja kalma biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi hanyar sa a sauke irin wannan kwafen daga intanet, amma tun kafin doka ta iso, mai karatu ya riga ya daina yarda.

Wanda AdSense ya ƙi yakan faɗa hannun ƙananan dillalan talla waɗanda ba sa tambayar harshe. Suna karɓar kowa, suna biya da wuri, amma kayan da suke kawowa sai a hankali: caca, bashin gaggawa, hotunan tsiraici, da shafukan da ke buɗe kansu suna cewa wayarka ta kamu da cuta. Ka buɗe shafin da ke koyar da hukuncin azumi, ka tarar da tallar caca a tsakiyar hadisi. Mai shafin bai zaɓa ba, amma sunansa ne a sama, kuma shi za a zaga. AdSense aƙalla yana ba da damar toshe rukunan talla irin waɗannan daga cikin asusu, kuma ya kamata duk mai amfani da shi ya shiga ya toshe tun ranar farko, ko da kuɗin zai ragu.

Hanyar da jama'a ke bi su iso shafi ita ma ba a hannun mai shafi take ba. A 2018 Facebook ya rage nuna labaran jaridu ya fifita na 'yan uwa da abokai, a 2023 ya rufe tsarin Instant Articles da wasu mawallafa suka dogara da shi. Google yana sauya ma'aunin bincikensa sau da yawa a shekara, kuma tun Mayun 2024 ya fara sa amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, ta yadda mai tambaya zai samu abin da yake nema bai shiga shafin kowa ba. A gida ma mun gani: gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma duk wanda kasuwarsa ke can kaɗai ya yi wata bakwai yana hamma.

Kuɗin da ke kusa

Abin da ya canja da gaske a shekaru goman nan shi ne karɓar kuɗi. PayPal ya shigo Najeriya a 2014, amma aka yi shekara da shekaru ɗan Najeriya yana iya turawa ne kawai ba ya iya karɓa. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack a 2015, Flutterwave ya biyo baya a 2016, kuma a Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan sama da dala miliyan 200. Yau ƙaramin shafi zai iya karɓar kuɗi ta kati ko tiransifa ko lambar USSD, kuɗin ya faɗa asusun mai shi washegari. Ladan Paystack a cinikin gida kashi ɗaya da rabi ne cikin ɗari da ƙarin naira ɗari, ana yafe naira ɗarin idan cinikin bai kai 2,500 ba. Selar, wanda aka kafa a 2016, ya sauƙaƙa wa mai sayar da littafi ko darasi: ka ɗora fayil, ka sa farashi, mai saye ya biya ya sauke da kansa.

Marubutan littattafan Hausa, musamman mata, sun riga kowa gane wannan kasuwa, kuma ba su jira wani kamfani ba. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, labari ya kai inda ba a iya haƙuri, sai ta ce ci gaba na kuɗi ne. Mai karatu ta tura ɗari biyar ko dubu ɗaya, ta aiko da hoton shaidar biya, marubuciya ta duba alat, ta sa lambarta a zauren masu biya. Da dare za ka same ta da waya biyu, ɗaya tana buga babi na gaba, ɗaya tana amsa "Anti na tura, ba a sa ni ba." Aiki ne mai cin rai, ga masu turo shaidar bogi, ga masu kwashe littafin su watsa a wasu zaurukan kafin gari ya waye. Amma a duba lissafin. Mutum ɗari biyu da suka biya dubu ɗai-ɗai sun ba ta naira dubu ɗari biyu, abin da ya zarce dala ɗarin da mai jiran talla zai tara da buɗawa dubu ɗari a misalinmu na baya. Abin da shafi nata na kanta zai ƙara mata shi ne ya karɓi kuɗin, ya buɗe wa mai biya babin, ya ajiye mata sunayen masu sayenta, ita kuma ta samu barci. Darasin OkadaBooks yana nan kusa: dandalin da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wanda marubutan Hausa ma suka sa littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wadda ta tara lambobi da imel na masu karatunta ta ci gaba da ciniki, wadda ta bar su a hannun dandali ta koma farawa daga tushe. Tara irin waɗannan bayanan kuma amana ce da doka ta sa wa ido tun da aka kafa dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023: a nemi izini, kada a sayar wa wani.

Ba littafi kaɗai ba. Malamin lissafi mai shirya ɗalibai don JAMB, mai koyar da ɗinki ko girki, masanin kiwon kaji, wanda ya san farashin hatsi a Dawanau kowace safiya, duk suna da abin da wani zai biya don ya samu da Hausa, domin ba shi da inda zai same shi a harshen da yake ji sosai. Ƙarancin rubutun Hausa a intanet, wanda ya sa manyan kamfanoni suka yi biris da mu, shi ne kuma ya sa mai abu mai kyau ba shi da abokan gasa da yawa.

Akwai kuma dillanci, inda za ka tallata kayan wani a ba ka la'ada idan an saya ta hanyarka. Amazon ya fara wannan tun 1996, kuma sana'a ce ta halal idan kayan na gaske ne kuma ka faɗa wa mai karatu cewa kana da kaso. Wanda ya ce sai ka biya kuɗin rajista, ribarka kuma tana zuwa ne daga jawo wasu su ma su biya, wannan ba dillanci yake kira ka ba.

Na bar tallar kai-tsaye a ƙarshe don ita ce na fi ganin an yi wa sakaci. Ana cewa babu kuɗin talla a Hausa, alhali gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano, tun daga Freedom Radio da ta fara a 2003, da tashar Arewa24 da ta zo a 2014, da tallar Hausa suke numfashi. Masu makarantu, masu maganin gargajiya, kamfanonin Hajji da Umara, masu sayar da filaye, masu taki da irin shuka, duk suna fitar da kuɗi kowane mako don a ji su da Hausa. Kuɗin yana nan, bai dai koyi hanyar shafukan intanet ba, kuma babu wata manhaja da za ta koya masa. Sai mai shafi ya sa takalminsa ya je. Jerin harsunan Google ma ba a kulle yake ba: an ƙara Hindi a 2014, Bengali a 2017, Tamil da Telugu a 2018, kuma a fahimtata kamfani yakan buɗe wa harshe ƙofa ne idan ya hango masu tallar da ke shirye su kashe kuɗi a cikinsa.

Mai shafin da ya shiga ofishin shugaban wata makaranta mai zaman kanta a Zariya yana da abin da zai ajiye a kan tebur. Shugaban zai tambaya, "Malam, mutum nawa za su gani, kuma 'yan ina ne?" Google Analytics da Search Console, dukkansu kyauta, suna nuna yawan waɗanda suka shigo a watan jiya, garuruwan da suka fito, shafin da suka fi daɗewa a kai, da kalmomin da suka rubuta kafin su iso. Idan kashi mai tsoka na masu karatun daga Zariya da Kaduna suke, kuma abin da suka fi nema shi ne bayanin jarrabawa da guraben karatu, to gurbin da ke saman wannan shafin ya fi amfani ga makarantar nan fiye da kowane kamfani a duniya. A yanka farashi na wata, a rubuta yarjejeniya ko da rabin takarda ce, a sa wa tallar alama a fili cewa talla ce, sannan a koma wurin shugaban a ƙarshen wata da adadin waɗanda suka danna da waɗanda suka kira lambar makarantar.